Balan-balan ɗin Kapadokiya da Dalilin da Ya Sa Ba Ya Jiran Hantsi



Akwai wata sana'a a duniya da kasuwarta ke ci da asuba, ta watse kafin hantsi. Masu ita fitowar rana suke sayarwa. Mutum ya biya kuɗi, a sa shi cikin kwando, a ɗaga shi sama da zafin wuta, ya kalli yadda gari ke wayewa daga can, bayan kamar awa 1 a sauko da shi. Da yawa daga cikinku kun taɓa ganin hoton a waya ko a jikin kalanda: manya-manyan balan-balan masu launi iri-iri sun cika sararin sama, a ƙarƙashinsu ga wasu duwatsu masu tsini kamar hular rumbu. Sunan wurin Kapadokiya, a tsakiyar ƙasar Turkiyya. A safiyar da yanayi ya yi kyau, akan ga balan-balan fiye da 100 a sama a lokaci ɗaya.

Mu 'yan kulob ɗin jarida mun daɗe muna gardama a kan wannan hoto, har abin ya raba mu gida biyu. Tambayoyi uku suka tsaya mana a rai. Me ke ɗaga kwando cike da mutane alhali babu fiffike babu inji? Me ya sa sai da asuba? Sannan ya dace mutum mai hankali ya ba da kuɗinsa, ya kuma jingina ransa a jikin ƙyalle da tukunyar gas, don kawai ya ga rana ta fito, ranar da kullum take fitowa kyauta?

Bari mu fara da wurin kansa, domin ba banza ba mutane ke son ganinsa daga sama. Shekaru miliyoyi da suka wuce, duwatsu masu aman wuta na yankin sun lulluɓe ƙasar da toka mai kauri. Tokar ta daskare ta zama dutse mai laushi. Ruwan sama da iska suka yi ta zaizayar sa, inda duk wani dutse mai tauri ya zauna a kai sai ya kare abin da ke ƙarƙashinsa, shi ya sa aka samu waɗannan dogayen ginshiƙai masu hula. Da yake dutsen na sassaƙuwa, mutanen da suka zauna a wurin sun haƙa gidaje a cikinsa, da coci-coci masu zane a bango, da ɗakunan tattabaru don su samu takin gonakinsu. A Derinkuyu har gari guda suka haƙa a ƙarƙashin ƙasa, hawa-hawa, inda suke ɓuya idan abokan gaba sun kawo hari. A shekarar 1985 hukumar UNESCO ta sa yankin Goreme da duwatsun Kapadokiya cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Mai tafiya a ƙasa kwari ɗaya yake gani a lokaci ɗaya. Wanda ke sama kuwa yana ganin kwaruruwan duka, da gonakin inabi, da ƙauyuka, kamar an shimfiɗa masa taswira.

Tambaya ta farko mun kai ta wurin malaminmu na Fiziks. Bai ba mu amsa da baki ba. Ya ce a kawo kwalbar da babu komai a ciki, da ƙaramin balan-balan irin na yara, da roba cike da ruwan zafi. Ya ɗaura balan-balan ɗin a bakin kwalbar, ya tsoma gindinta cikin ruwan. Muna kallo abin ya fara miƙewa yana kumbura. Ɗaya daga cikinmu ya ce, "Malam, ai ba a hura masa komai ba." Malam ya ce, "To daga ina iskar ta fito?" Daga cikin kwalbar ta fito. Iska idan ta ji zafi buɗewa take yi, ta nemi wuri mafi faɗi. Kwalbar da muke cewa babu komai a cikinta ashe cike take.

Haka abin yake a babban balan-balan, sai dai shi bakinsa na ƙasa a buɗe yake. Idan aka ɗumama iskar da ke ciki, ta buɗe, wani sashe nata ya fice ta ƙasa, abin da ya rage a ciki sai ya fi iskar waje sauƙin nauyi. Iskar waje mai nauyi sai ta tura shi sama, kamar yadda ruwa ke turo jarkar da aka danna cikinsa. Ga lissafin da muka yi a allo. Idan ka ɗauki akwati mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, tsayin mita 1, iskar da ke ciki a zafin digiri 20 na ma'aunin Salshiyos tana da nauyin kusan kilo 1.2. Idan ta kai digiri 100, wanda shi ne kusan zafin da ake kaiwa a cikin balan-balan, nauyinta ya koma kusan kilo 0.95. Bambancin kusan kilo 0.25 ne, wato kwatan kilo. Wannan kwatan kilon shi ne duk ƙarfin da akwati ɗaya ke da shi na ɗaga kaya. Kafin a ɗaga ɗalibi mai nauyin kilo 60 ana buƙatar irin wannan akwati guda 240. Aji mai tsawon mita 10, faɗin mita 8, tsayin mita 3, daidai 240 ɗin yake ci. Ashe aji guda cike da iska mai zafin tafasasshen ruwa, ɗalibi ɗaya tal zai iya ɗagawa, ba a ma sa nauyin kwando da tukwanen gas da ƙyallen kansa ba. Manyan kwandunan Kapadokiya kuwa suna ɗaukar mutum 20 ko fiye. Yanzu kun ga abin da ya sa balan-balan ɗin ke da girma kamar gidan bene.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne waɗanda suka fara ƙera shi ba su fahimci wannan ba. Wasu 'yan'uwa biyu ne a Faransa, Joseph da Etienne Montgolfier, sana'ar gidansu yin takarda. A ranar 4 ga Yuni, 1783, suka nuna wa mutanen garin Annonay wani babban buhu na ƙyalle da takarda yana tashi sama. Su a zatonsu hayaƙi ne ke da wani sirri na ɗaga abu, don haka suka riƙa ƙona ciyawa da gashin tumaki don hayaƙin ya yi kauri. A ranar 19 ga Satumba na shekarar, a gaban Sarki Louis na 16 a fadar Versailles, aka sa tunkiya da agwagwa da zakara a kwando aka ɗaga su, suka sauko da ransu. Sai ranar 21 ga Nuwamba, 1783, mutum biyu, Pilatre de Rozier da Marquis d'Arlandes, suka tashi a birnin Paris, suka yi kusan minti 25 a sama. Shekara 120 ke nan kafin 'yan'uwan nan na gidan Wright su tashi da jirgi mai inji a 1903. Irin balan-balan ɗin da ake hawa yau kuwa, mai ƙyallen nailan da wutar gas, wani Ba'amurke ne mai suna Ed Yost ya fara tashi da shi a 1960. Mun tsaya a kan labarin Montgolfier domin ya yi kama da halin da yawancinmu muke ciki a aji. Mukan samu amsa daidai a takardar jarrabawa ba tare da mun san dalilinta ba. Su ma abinsu ya tashi, amma da hayaƙi suka riƙe, da ba a samu wanda ya kawo tsabtatacciyar wutar gas ba.

Tambaya ta biyu, wato zancen asuba, amsarta na cikin lissafin nan. Ƙarfin ɗagawa yana zuwa ne daga bambancin da ke tsakanin iskar ciki da ta waje. Idan waje na da sanyin digiri 5, nauyin akwatin iska ya kai kusan kilo 1.27, bambancin ya zama kusan 0.32. Idan rana ta take, zafi ya kai digiri 35, bambancin ya sauko zuwa kusan 0.2. Wato da sanyin safiya balan-balan ya fi ƙarfi, ya kuma fi ƙarancin cin gas. Kapadokiya ma tana kan tudu ne, fiye da mita 1,000 sama da teku, inda iska ba ta kai ta bakin teku kauri ba, saboda haka matuƙi ba shi da rarar da zai yi wasa da ita.

Dalili na biyu ya fi wannan girma. Da daddare ƙasa na hucewa, iskar da ke kusa da ita ta kwanta. Da zarar rana ta fara dukan ƙasa, wani wuri ya fi wani saurin ɗaukar zafi, dutse ya riga gona, gona ta riga inuwar kwari. Sai iska mai zafi ta riƙa tashi tsaye daga wuraren da suka yi zafi, mai sanyi na gangarowa ta maye gurbinta. Duk wanda ya taɓa ganin shaho ko ungulu na kewaya sama da rana ba tare da kaɗa fiffike ba, to irin wannan iskar suke hawa. Ga tsuntsu alheri ce, ga balan-balan kuwa masifa ce, domin tana iya cilla shi sama ko ta danno shi ƙasa ba da son matuƙi ba. Saboda haka ɗan lokacin nan tsakanin ketowar alfijir da ɗagawar rana shi ne ya fi dacewa ga masu wannan sana'a. Mun gane cewa kyan fitowar rana riba ce da ta zo daga baya. Tilas ce ta fara sa su sammako, sai suka mai da tilas ɗin abin talla.

Hausawa na cewa in kana sammako, wani a tafe ya kwana. Baƙon da aka ɗauko daga masaukinsa cikin duhu yana hamma yana ganin ya yi ƙoƙari. Kafin ya iso, ma'aikata sun riga sun cika tukwanen gas, sun jawo kwando a tirela, sun shimfiɗa ƙyallen a ƙasa, sun kunna babbar fanka tana hura masa iska mai sanyi har ya kumbura a kwance. Sai matuƙi ya buɗe wuta, harshenta ya shiga ciki da ruri, balan-balan ya miƙe tsaye a hankali. Bayan an tashi, waɗannan ma'aikatan ba hutawa suke yi ba. Mota suke shiga su bi shi ta ƙasa, suna magana da matuƙi ta rediyo, domin babu wanda ya san takamaiman inda za a sauka. Su ne za su kama igiya, su danne kwando, su naɗe ƙyallen nan mai nauyi su cusa shi a buhu. A duk hotunan da muka gani, ba mu ga fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba. Wata 'yar'uwarmu a kulob ta ce wannan ya tuna mata da masu dafa mana abinci da masu share harabar makaranta, waɗanda ayyukansu ke gamuwa kafin mu farka, kuma ba kasafai muke gaishe su ba. Babu wanda ya musa mata.

Abin da ya sa ba a san wurin sauka ba shi ne balan-balan ba shi da sitiyari. Matuƙi abu biyu kawai ke hannunsa: ya ƙara wuta a hau, ko ya bar iskar ta huce, ko ya ja igiyar da ke buɗe wata kafa a can ƙololuwa don iska mai zafi ta fita, a sauko. Dama da hagu kuwa na iska ne. Sai dai iska hawa-hawa take, wadda ke kusa da ƙasa tana iya nufar gabas, ta samanta kuma ta karkata arewa. Gwanin matuƙi shi ne wanda ya san hawan da zai nema don ya samu iskar da za ta kai shi kusa da inda yake so. Kuma idan ya buɗe wuta, balan-balan ba ya amsawa nan take, sai bayan ɗan lokaci, don haka dole ya hango dutse ko wayar lantarki tun da nisa, ya yi abin da ya kamata tun kafin buƙatar ta zo. Da yake tare da iskar ake tafiya, waɗanda ke cikin kwando ba sa jin tana kaɗa su. Idan aka kashe wuta sai wurin ya yi tsit, har ana jin haushin kare daga ƙauyen da ke ƙasa.

A tambaya ta uku ne muka rabu. Ɓangare ɗaya suka ce wannan almubazzaranci ne. Kuɗin hawa na awa 1 ba kuɗin talaka ba ne, ga kuɗin jirgi, ga masauki, duk don a ɗauki hoto a sa a Instagram. Suka ce da yawa daga masu hawan ma ba sa kallon ranar da idonsu, ta gilashin waya suke ganinta. Ɗaya ɓangaren suka ce tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma gani ya kori ji. Wanda ya ga kwarin Goreme daga sama ya fahimci zaizayar ƙasa fiye da wanda ya haddace ta a littafin Jogirafi. Suka ƙara da cewa kuɗin baƙon nan shi ke ciyar da direba da mai masauki da mai sayar da tukwane da ma'aikacin da ke naɗe ƙyalle. Ba a Turkiyya kaɗai ba, haka ake yi a Masai Mara ta Kenya da Serengeti ta Tanzaniya, inda ake kallon namun daji daga sama, da Bagan ta Myanmar mai ɗimbin wuraren ibada na da, da Luksor ta Masar, inda ake tashi a yammacin kogin Nilu kusa da kwarin da aka binne fir'aunoni.

Ambaton Luksor ne ya sa dariya ta ɗauke a zaman namu. A ranar 26 ga Fabrairu, 2013, wani balan-balan ɗauke da mutum 21 yana shirin sauka a can sai wuta ta kama a kwandon sakamakon yoyon gas. Zafin wutar ya sa ya sake cillawa sama, daga baya ya faɗo cikin gonar rake. Mutum 19 suka rasu. Hukumomin Masar suka dakatar da tashin balan-balan na wani lokaci. Tun farkon tarihin abin ma haka ne: Pilatre de Rozier, wanda ya fara tashi a 1783, ya mutu a 1785 lokacin da yake ƙoƙarin tsallaka tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila da wani balan-balan. Duk wanda zai ba da labarin kyan wannan abu, wajibi ne ya haɗa da wannan.

A Kapadokiya ba matuƙi kaɗai ke yanke hukuncin tashi ba. Hukumar kula da sufurin sama ta Turkiyya ce ke duba yanayi kowace safiya ta ba da alama: kore a tashi, rawaya a dakata, ja kuwa babu tashi. Ku yi tunanin baƙon da ya taso daga wata nahiya, kwana biyu kawai gare shi a garin, ya tashi cikin dare, ya iso fili, sama ga ta nan garau a idonsa, sai a ce masa yau ba za a tashi ba saboda iskar da shi ba ya gani. Zai yi fushi, kamfani kuma zai mayar masa da kuɗinsa ya yi asara. Duk da haka ba a tashi. A nan ne ɓangarorinmu biyu suka haɗu. Mun yarda cewa abin da ya fi burge mu a wannan sana'a shi ne wannan jar alamar, da mutanen da ke yi mata biyayya alhali kuɗi na kiran su. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, ko da ba mu taɓa shiga kwando ba. Matuƙin balan-balan yana lissafa nauyin fasinjojinsa da zafin safiyar kafin ya kunna wuta, domin iska ba ta san alfarma ba. Mu kuwa sau nawa muke cusa kanmu mu huɗu a kan babur ɗaya ranar da aka tashi hutu? Sau nawa ake ƙara mutum a motar da ta riga ta cika, ana cewa a matsa kaɗan, Allah Ya kiyaye? Allah Yana kiyayewa, amma Shi ne kuma Ya ba mu hankalin yin lissafi. Taya da birki da kwale-kwale duk suna da iyakar abin da za su ɗauka, kamar yadda akwatin iskar nan ke da kwatan kilonsa. Muna roƙon 'yan'uwa ɗalibai, idan direba ko malami ya ce mota ta cika a jira ta gaba, kada a ɗauke shi mugu. Muna kuma roƙon iyayenmu malamai, duk lokacin da za a fita da mu ziyarar ƙaro ilimi ko gasar kacici-kacici, a ƙirga kujeru kafin a ƙirga ɗalibai.

Game da ko ya dace a hau, har yanzu ba mu zama baki ɗaya ba. Akwai a cikinmu waɗanda suka ce ko kyauta aka ba su ba za su shiga kwandon da ba shi da rufi ba. Akwai waɗanda suka ce in Allah Ya hore musu za su je, amma sai sun tambayi lasisin matuƙi, sun kuma saurari bayanin yadda ake durƙusawa a riƙe igiyoyin cikin kwando lokacin sauka. Mutum biyu kuma sun ce su ba fasinja suke so su zama ba, tuƙin suke so su koya, kuma tun daga ranar suka daina zama a bayan aji lokacin Fiziks.

Ga aikin wannan fitowa. Ku nemi tef ɗin awo a ɗakin gwaje-gwaje, ku auna tsawo da faɗi da tsayin ajinku da mita, ku ninka su, sannan ku ninka abin da kuka samu da 0.25. Amsar ita ce kilo nawa ajinku zai iya ɗagawa da a ce balan-balan ne. Ku rubuta ta tare da sunan ajinku ku jefa a akwatin kulob kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa amsoshin da suka yi daidai a wannan allo. Gargaɗi ɗaya: kada wani ya ce zai gwada da leda da kyandir a ɗakin kwana. Gwajin kwalba da ruwan zafi ya isa, shi ma a gaban malami.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya ba mu sa'ar jarrabawa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Daga Kulob ɗin 'Yan Jarida